Sun ce in kawo N940,000 ko injin motata ya buga

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Shekara biyu ke nan da na sayi Corolla ƙirar 2012, 'yar Amurka, a wani kamfanin dillancin motoci da ke da garejinsa, kuma tun daga lokacin can nake yin juye da duk wani gyara. Alhaji mai kamfanin aminin Yayana ne, shi ya sa ban taɓa tambayar komai ba, abin da aka ce in biya shi nake biya. Makon jiya fitilar cek ta kama. Na kai musu, suka karɓi N25,000 na sa kwamfuta, sannan yaron da ke karɓar motoci ya miƙo min takarda: indomi (tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa), taimin bel, fulogogi, wankin inji, man giya, man sitiyari da fad ɗin birki, jimilla N940,000. Ba a rubuta kuɗin kowanne ba, jimillar kawai. Na ce a ba ni abin da kwamfutar ta nuna, ya ce ba sa bayarwa. Ya ƙara da cewa in na kuskura na hau hanyar Zariya da ita inji zai buga, ni kuwa duk Asabar nake zuwa duba mahaifiyata a can. Mota dai ban ji ta canja ba, lafiya lau take tafiya. Wani abokin aikina ya ce in kai wa bakanikensa na bakin titi, amma ina tsoron a lalata min ita. Ga kunyar Alhaji, ga Yaya. Albashina na wata huɗu bai kai kuɗin nan ba. Yaya zan yi?

'Yar'uwarka daga Kaduna

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Kada ki biya. Ba a kan wannan takardar ba dai.

A cikin abubuwa bakwai da aka lissafa miki, biyu babu su a jikin motarki kwata-kwata. Corolla 'yar Amurka ta 2012 injin lita 1.8 gare ta, wanda Toyota ke kira 2ZR-FE, kuma taimin ɗinsa ba na bel ba ne, na sarƙar ƙarfe ne da ke can ciki tana wanka da baƙin mai. Ba a sa mata ranar canji, sai in ta fara ƙara ko ta saki. Bel ɗaya da za ki gani in kin buɗe bonet shi ne fambel na waje, mai juya altaneta da famfon ruwa da kwamfuresar AC, kuma wannan ba shi ne taimin ba, kuɗinsa ma ba ɗaya ba. Na biyu, sitiyarin wannan motar na lantarki ne. Ba shi da famfo, ba shi da gwangwanin mai. Ki buɗe bonet ɗin da kanki gobe da safe ki nemi inda ake zuba man sitiyari, ba za ki samu ba. To mene ne za su canja?

Ba zan yi saurin cewa ɓarayi ne ba. Yana yiwuwa yaron nan yana da jerin da yake kwafa wa duk motar da ta shigo, tsohuwar Camry ce ko Corolla, bai ma ɗaga bonet ba. Amma ko ƙarya ce ko rashin sani ne, a wajenki duk ɗaya: takardar da aka kama da abu biyu na bogi, sauran biyar ɗin ma sai an kawo hujja.

Bari in fara cire miki tsoron hanyar Zariya, don na san shi ya fi hana ki barci. Fitilar cek iri biyu take kamawa. In ta kama ta tsaya cak, mota kuma tana tafiya yadda ta saba, saƙon shi ne a duba ta ba da jimawa ba, ba wai a ajiye ta nan take ba. In kuwa tana ƙiftawa, inji yana rawa ko yana cijewa, wannan fetur ne ke wucewa bai ƙone ba, sai a rage gudu a nemi wurin tsayawa. Abubuwan da ke buga inji da gaske biyu ne: rashin baƙin mai da zafi. Jar fitila mai siffar butar mai in ta kama kina tafiya, ko allurar zafi ta haura sama, a nan ne ake kashe mota ko a tsakiyar daji ne. Ke kin ce motarki ba ta canja ba. Ki duba baƙin mai da sandarsa da safe kafin ki tayar, ki duba ruwan lagireto inji yana sanyi, in duka lafiya, kilomita tamanin ɗin nan ba za su kashe ta ba. Birki ne kawai nake so a gani kafin Asabar, zan zo kansa.

Sai maganar kwamfuta, wadda ita ta fi ba ni haushi. Kin biya N25,000, sakamakon naki ne. Ke a asibiti kike, kin san ba a karɓar kuɗin gwajin jini a hana mara lafiya takardarsa, sannan a ce masa ya wuce ɗakin tiyata. Babu wani sirri a abin nan. Tun daga ƙirar 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, mai baki 16, kuma ko wace na'ura aka jona, lamba iri ɗaya za ta fitar: harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. P0420 na nufin kwamfutar motar ba ta gamsu da aikin indomi ba. P0171 na nufin iska ta rinjayi fetur, wanda sau da yawa a nan Arewa ƙurar hunturu ce ta lulluɓe sansar iska ko wani tiyo ya tsage. P0301 zuwa P0304 na nufin silinda ɗaya daga cikin huɗu ba ta ƙona mai daidai, fulogi ko kwayil ko nozul. Har murfin tanki da ba a ɗaure da kyau ba yana kunna wannan fitilar. Ki lura, lambar ba ta cewa "canja kaza". Inda za a duba kawai take nunawa. Wanda ya karanta lamba ya wuce kai tsaye ya rubuta kaya, bai yi bincike ba, ciniki ya yi.

Tunda sun sa indomi a saman takarda, ina zaton P0420 suka gani, kuma na tabbata shi ya cinye fiye da rabin jimillar. Indomi tukunya ce a jikin bututun salansa, cikinta kamar saƙar zuma, an shafe ta da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, su ne ke ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. Akwai sansa ɗaya gabansa, ɗaya bayansa. In indomi na aiki, karatun sansar baya a kwance yake. In ya mutu ko babu shi, sai karatun ya riƙa hawa da sauka. Mai na'urar da ya san aikinsa zai nuna miki wannan a fuskar na'urar cikin minti goma, mota tana kunne. Kuma abu huɗu ne ke iya kawo lambar nan: indomin ya gaji, sansar bayan ta lalace, salansa na yoyo a wani wuri, ko kuma indomin babu shi, an fafe shi. Biyu daga cikin huɗun gyaransu bai kai kusa da kuɗin sabon indomi ba.

Na ƙarshen nan shi nake so ki riƙe. Saboda ƙarafan da ke ciki, indomi yana da kasuwa, akwai masu bi gareji-gareji suna saye. Motoci da yawa tun kafin su iso hannun mai saye an riga an fafe su, wasu kuma a gareji ake yi, a kwance bututun, a zazzage cikin, a mayar da fanko. Alamarsa ana gani: sabon walda a jikin tukunyar, notinan da suka yi ƙyalli alhali na kusa da su sun yi tsatsa, ƙarar salansa ta ɗan buɗe, warin hayaƙi ya ƙaru. Ban ce abin da ya faru da taki ke nan ba. Amma mota ce da aka saya a wuri ɗaya, ake gyara ta a wuri ɗaya shekara biyu. In aka ɗaga ta aka tarar tukunyar fanko ce, to tambayar ba "nawa ne sabo" ba ce, tambayar ita ce yaushe aka cire kuma a hannun wa. Don haka kada ki bar motar ta kwana a can kafin wani ido daban ya leƙa ƙarƙashinta, ki kuma ɗauki hoto da wayarki.

In kuma da gaske ya gaji, ba gaggawa ba ce. Gajiyayyen indomi hayaƙi yake ƙarawa, ba ya buga inji. Wanda ya toshe shi ne matsala, shi kuwa ba ya ɓuya: mota ta rasa ƙarfi, ki taka totur ta ƙi ja. Sannan indomi ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba, yawanci wani abu ne ya kashe shi, ko inji na shan baƙin mai ko fulogi na cijewa. Wanda ya sa sabo bai nemo dalilin ba, zai sake sayen wani.

Sauran kuwa ba su da wahala. Fulogogi na iya zama gaskiya: na asalin motar masu bakin iridiyam ne, Toyota ta ba su mil 120,000, kusan kilomita 193,000, kuma motar 2012 tana iya kaiwa nan, balle ma agogon motocin da ake shigowa da su ba duka ake yarda da shi ba. A kwance ɗaya a nuna miki. In za a canja, a sa Denso ko NGK na gaske, don jabunsu ya cika kasuwa har kwalin ma ba ya bambanta. Wankin inji ki soke shi, ba ya cikin jadawalin da Toyota ta rubuta, motar da ake yi wa juye a kan lokaci ba ta buƙatarsa. Man giya ba laifi a canja a irin zafinmu in ba a san ranar da aka taɓa yi ba, amma a tsiyaye a zuba, kuma wanda aka rubuta WS a jikinsa, ba kowane jan mai ba. Ba shi da alaƙa da fitilar da ta kama, zai iya jiran wata mai zuwa.

Birki ne ba na wasa da shi. Sabon fad kaurinsa yana kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko kusan 3 lokacin canji ya yi. A cire taya ɗaya ta gaba a gabanki ki gani da idonki. In ya cinye, ki canja kafin ki hau hanya, ko da shi kaɗai za ki yi a wannan watan.

Kin tambaya tsakanin kamfani da bakin titi. Ni ina ganin tambayar ce ba ta zauna daidai ba. Tsadar babban gareji ba duka zalunci ba ce. Kayan gyara da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake samu wajen N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a 2024. Ga dizal, ga haya, ga albashi, ga harajin VAT na kashi 7.5. Wannan duk gaskiya ne, kuma in motarki sabuwa ce da ke cikin garanti da na ce ki daure ki zauna da su, don fita waje na iya ɓata garantin. Taki ba ta cikin wannan. Abin da ya kamata ki sani shi ne, yaron da ke karɓar motoci a irin wuraren nan sau da yawa ba bakanike ba ne, mai sayarwa ne, kuma a wurare da dama ana auna ƙoƙarinsa da yawan kuɗin da ya shigo ta hannunsa. In ya ga mace ita kaɗai, da katin aiki a wuya, wadda shekara biyu ba ta taɓa cewa "don me" ba, alƙalaminsa yakan yi tsawo.

Na bakin titi kuma ba waliyyi ba ne, tsoronki yana da tushe. Su ne za su cire tamostat su jefar wai ƙasarmu da zafi, su haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, su cika lagireto da ruwan rijiya, su ɗura baƙin mai 20W-50 mai kauri a injin da aka rubuta 0W-20 a kan murfinsa. Kuma da yawansu da canje-canje suke gano cuta: a sa wannan, bai yi ba, a sa wancan, duk da kuɗinki. A cikinsu akwai gwanaye na gaske, waɗanda manyan garejin ma a ɓoye suke kai musu abin da ya gagare su. Amma ba a gane su da bakinsu.

Abin da zai fisshe ki a wuraren biyu ɗaya ne: wanda zai gano matsalar daban, wanda zai sayar miki da kaya daban. Ki nemi mai na'ura wanda aikinsa ke nan, ki gaya masa tun farko cewa kuɗin dubawa kawai za ki biya, ba a wajensa za ki yi gyara ba. Kada ki nuna masa takardar kamfanin, kada ki ce "an ce min indomi ne", ki bar shi ya faɗi nasa. Ki ɗauki hoton lambar a fuskar na'urar. Kada ki bari ya goge ta kafin ki ɗauka, don gogewa na kashe fitilar na 'yan kwanaki ne kawai, ba gyara ba ne. Daga nan ki sa a tambayo miki farashin abin da ya ambata a Ori-Apata ko Panteka, ko a Ƙofar Ruwa in kina da wani a Kano, sabo nawa, Beljiyam nawa. Sai kin riƙe waɗannan biyun, lamba da farashi, sannan ki zaɓi inda za a ɗaura.

Duk inda kika zaɓa, kafin ki miƙa makulli a rubuta kowane abu da kuɗinsa, kuɗin kaya gefe guda, kuɗin aiki gefe guda, a kuma rubuta sabo ne ko Beljiyam. Ki faɗa da baki, ki kuma tura ta WhatsApp don ya zauna a rubuce, cewa ba a taɓa komai bayan wannan sai an kira ki. Ki ce a ajiye miki tsofaffin kayan da aka cire a but, har kwalayen sababbin. Wannan 'yar maganar ta ƙarshe tana rage aikin ƙarya fiye da duk wani faɗa, don wanda zai rubuta taimin bel sai ya nemo tsohon da zai ba ki. Ki karɓi rasit.

Ba roƙo kike yi ba, haƙƙinki ne. Dokar kare masu saye ta tarayya, wadda aka sa wa hannu a 2019 ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta a bayyana farashi, a ba da shaidar ciniki a rubuce, a faɗa in kaya na hannu ne, ta kuma hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya. Ana kai mata ƙorafi. In da bakaniken waje ne, yawancinsu suna ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NATA, kuma shugaban gareji yakan tsawatar in an kai masa ƙara da hujja. Ko a karatun zaure ma, Risala ta faɗa a sarari cewa masu sana'a su ke da lamunin abin da aka bar musu suka kaɗaita da shi, da lada suka yi aikin ko kyauta. Wato in abu ya ɓace a jikin mota tana hannun gareji, ba a rufe maganar da "sai haƙuri". Ina dai fata ba za a kai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai abin da na so a ce shi yaron ya gaya miki maimakon man sitiyari. Corolla ta shekarun nan tana cikin motocin da aka yi wa kiranye a Amurka saboda jakar iska ta kamfanin Takata, ta gefen fasinja, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta har ta iya fashewa da ɓaraguzan ƙarfe in an yi karo. Lambar shasin motarki mai harafi da alƙaluma 17 tana jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ki sa ta a shafin hukumar NHTSA ta Amurka mai kula da lafiyar motoci a hanya, kyauta ne, zai nuna miki ko akwai kiranyen da ba a gyara ba kafin a turo motar. In a wannan kujerar kike ɗaukar Hajiya, ya fi wankin inji muhimmanci nesa ba kusa ba.

Saura Alhaji da Yaya. Kada ki je wa Yaya da "abokinka ya cuce ni", don zai kare abokinsa kafin ya saurare ki, kuma mai yiwuwa ne Alhajin bai ma san abin da ake rubutawa da sunan kamfaninsa ba. Masu irin wuraren nan sun fi zama a wajen sayar da motoci, garejin na hannun yara. Ki bari sai kin samo lambar da hoton ƙarƙashin motar. Sannan ki kai wa Yaya takardar ki ce, "Yaya, duba min wannan, an ce motata ba ta da taimin bel kuma ba ta shan man sitiyari, ga shi an rubuta min su. Ko za ka nuna wa Alhaji, kada yaransa su ɓata masa suna?" Kin ga ba ki zargi kowa ba, kin kuma sa maganar a hannun wanda zai iya yin ta ba kunya. Yadda Alhaji ya karɓe ta shi zai nuna miki matsayinki. In ya kira yaron ya bincika, ya sa aka ba ki sakamakon da kika biya, kina iya ci gaba da kai musu juye, da sharuɗɗan da na faɗa. In kuwa ya ce ai mata ba su san mota ba, ki gaishe shi da girmamawa kamar kullum, ranar Sallah ki kai masa gaisuwa, motarki kuma ki kai ta wani wuri. Zumuncin Yaya ne da shi, ba a ɗaura shi da makullin motarki ba.

In kin samo lambar ki turo min ita tare da abin da agogon motar ke nunawa, mil ne ko kilomita, sai in gaya miki abin da ya kamata a fara kwancewa.